Wili na Huɗu

Talata, 14 ga Maris, 2006

Da safe a unguwar Aston na tarar da wili huɗu na mota, masu waya irin na keke, jingine da bango, fenti sabo fil. Oga ya ce kada in dawo Manchester babu su, mai tsohuwar motar tseren da za a sa wa su ya gaji da jira. Na bi wayoyin da sifana ina ƙwanƙwasawa, yadda Baba yake yi wa keke a Kumasi. Ilyasu direbanmu ya ce, “Kai, kiɗa ka zo yi?” Uku suka yi ƙara, na huɗu shiru. Na kankare fentin, sai ga tsatsa. Uku na ɗauko. Gobe Oga zai yi faɗa, to ya je ya yi. Mutum ne zai hau motar nan. Ilyasu dai yana tsaye, shi ma ya gani.