Idanun 'yar fari

Laraba, 13 ga Afrilu, 1977. Gyadi-Gyadi.

Da safe: kai wa Baba Nadim fenti da kananzir na wanke buroshi.

Baba Nadim wan maigidan da nake wa aiki ne. Maigida ya ce in riƙa leƙa shi, don tun da yaƙi ya koro shi daga Beirut, aka ƙone zane-zanensa, bai cika fita ba. Yau ya juyo min da allon zanen da yake aiki a kai, sai ga hoton yarinyata. Sau ɗaya ya gan ta, ranar da na raka shi Tarauni don ya zana masu ɗinkin hula, kafin ƙyanda ta ɗauke ta bara.

Ya ce, "Malam Sani, da ka na zana ta. Idanun ne ban tabbata ba. Kai ne uba, gyara min kafin fenti ya bushe jibi."

Na duba zanen. Ina tuna muryarta, ina tuna jan ɗankwalinta. Amma 'yar fari ce, kunya ba ta taɓa barina na ƙura mata ido ba. Ko sunanta ban kira ba har ta tafi. Ta yaya zan bayyana wa baƙo wannan? Na ce masa ya yi kyau. Ya gane ban sani ba, bai matsa ba.

Matata Hajara kuwa uwa ce, ta fi ni kawar da kai. Wataƙila tana kallonta in ta yi barci.

Gobe:
Gyaran birkin keke.
Saƙon maigida zuwa Unguwa Uku.
Tambayar Hajara, in na iya.