Kujerata da ta Tsohon Mijina a Jirgin Madrid

Zulma, ki taimake ni kafin 'yata ta daina ɗaukar wayata.

Maite, 'yata tilo, za ta yi aure a Madrid wata mai zuwa. Ta yanko mana tikiti ni da ubanta Héber a ɓangaren manya, inda kujera ke miƙewa ta zama gado, wai saboda ciwon bayana. Ni da Héber mun rabu tun tana sakandare. Yarinyar nan, don neman magana, ta turo min taswirar jirgin ta ce ni zan zaɓa mana wurin zama. Duk abin da na danna kuwa, nan take zai fito a wayar Héber.

Kujerun taga ɗai-ɗai ne, kowa a killace. Na tsakiya bibbiyu ne, wasu a ware, wasu a manne da ɗan allo a tsakani da ake ɗagawa ko a sauke. Ƙawata Mirta ta ce na mannen nan sunansu kujerun amarci. Ni da furfurata!

Akwai abin da ban gaya wa Maite ba. Tun da mahaifiyarsa ta rasu bara, Héber ya tsiri zuwa bakin ruwa ranar Lahadi, daidai bencin da nake zama, filas a hammata. Ya haɗa mate, shayin ganyen nan namu, ya miƙo min ƙoƙon, in zuƙa in mayar. Kin dai san wanda ya ce ya gode ya ƙoshi ke nan, ba a sake miƙo masa. To ni har yau ban gode ba. Shi ma bai taɓo zancenmu ba, daga zancen ƙwallo sai na hawan jini.

In na ɗauki na amarci, zai zaci kira ne, alhali ni kaina ban san ko kiran nake ba. In na jefa shi can baya, na san halinsa, ba zai yi ƙorafi ba, sai dai ranar Lahadi in tarar da benci wayam. Ga shi da minshari kamar tsohuwar bas a kan tudu, ga cire takalmi, ga tafa wa matuƙi in an sauka, shi kaɗai, da ƙarfi. Ni kuma so nake in isa da fuskar uwar amarya. Wace kujera ce ta fi daɗi?

Uwar Amarya, Montevideo

Uwar Amarya,

Na karanta wasiƙarki ina neman kujera, Héber nake ta cin karo da shi. Ciwon bayanki rabin layi ya samu. Minsharin mutumin da kika bari tuntuni ya samu har da bas da tudu.

Bari mu fara sallamar bayan naki. Ki guji layin da ke kusa da kicin da banɗaki, don ƙarar kwanuka da haske ba sa barci. Cikin kujerun taga, wasu na jingine da tagar, wasu sun leƙo hanyar wucewa. Ta jingine za ki ɗauka, ba mai bangaje ki da keken abinci.

Na amarci ban ba ki shawara ba, kuma ba don furfura ba. Allon nan ne matsala. In kin ɗaga magana ce, in kin sauke wata maganar ce, haka za ki ƙetare teku ɗungurungum yatsanki a kan maɓallin allon. Jefa shi baya kuma rashin adalci ne ga mutumin da laifinsa na bana bai wuce kawo ruwan zafi ba.

Ki zauna a taga, ki sa shi a kujerar tsakiya ta layinku, hanya ce kawai tsakaninku. In ya miƙa hannu ƙoƙo zai iso, in kin juya wa hanya baya kin shige ɗakinki. Ki tafi da abin toshe kunne. Tafa wa matuƙi kuwa ki bar shi ya yi, ai ba sunanki ɗaya da shi ba yanzu.

Ki duba nasa ɓangaren ma. Ƙila ke yake so, ƙila maraici ne ya zo masa da tsufa yake neman wadda ta san uwarsa. Duka biyun ba abin kunya ba ne, amma sun bambanta, kuma lambar kujera ba za ta tambaye shi a madadinki ba. Maite kuwa kada ki damu da ɓoye mata. Mai ba uwarta irin wannan aiki ta riga ta sani.

Na tafiya kawai za ki zaɓa. Kujerun dawowa kada ki taɓa su. Bayan biki ki tura masa taswirar, ki ce wannan karon shi ne da zaɓi, ki ga ko tunanin zaɓin zai bar shi ya yi barci.

Allah ya sanya alheri a auren Maite, ku sauka lafiya.

Zulma