A-kori-kurar da Ka Haɗa a Kaduna

Zuwa ga yayana, Bello,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Mutanen gida, na Gwandu da na Kalgo, duk suna lafiya. Na san takarda ba ta isa inda kake, amma akwai labarin da kai ya kamata ka fara ji, ko da wasu za su karanta.

Ka tuna shekarar da ka bar gida, a tsakiyar shekarun saba'in, lokacin da labari ya iso cewa an buɗe masana'antar harhaɗa motoci a Kaduna. Ka sauke Alƙur'ani, ka gama makarantar koyon sana'a, ka ce can za ka. Mahaifinmu, Malam, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi gidanmu gidan tawada ne, tun kakanni ba a taɓa jin ƙarar guduma a zaurenmu ba, ga shi ɗansa na fari zai tafi birni ya zama maƙeri. Inna ce kaɗai ta raka ka bakin ƙofa. Ni na tsaya a gona, ina jin haushinka, ina kuma jin ƙyashinka.

Da shekaru suka ɗan ja, aka ba ma'aikata damar mallakar abin da suke haɗawa, sai ga ka da farar a-kori-kura. Unguwa ta fito kallo. Tsofaffi suka zagaya ta suna ƙwanƙwasa jikinta kamar masu sayen tulu. Alhaji Manu na Kalgo, aminin Malam, mai fataucin shinkafa, yana da doguwar mota baƙa da aka sauko masa da ita daga jirgin ruwa. Ya dube ka yana dariya, ya ce abin da yaranmu suka ɗaure da hannunsu, damina ɗaya ta ishe shi warwarewa. Malam kuwa ko leƙowa bai yi ba. Ya aiko a gaya maka ya gode Allah da ka iso lafiya, amma jakinsa bai gaji ba tukuna.

Ka yi murmushi a gaban mutane. Ni da muke kwana ɗaki ɗaya na san yadda maganar ta zauna maka.

Sai shekarar da Malam ya samu kujerar Makka, a ƙarshen shekarun saba'in ɗin. Idonsa ya fara rauni, ƙafa ta fara nauyi, kowa ya san in ta wuce shi a bana, da wuya ya ga wata. Ka ɗauki hutu ka zo sallama. Shi kuma ya tafi Dangoma neman gafarar yayarsa, Goggo Nana, kamar yadda mai tafiya hajji ke yi, da alkawarin Alhaji Manu zai ɗauko shi daga can ya kai shi Sakkwato, inda ake tara maniyyata. Ka roƙa a bar ka ka kai shi, aka ce an riga an yi magana.

Ruwan ƙarshen damina ya sauka kamar da gayya. Muna Kalgo da hantsi, wajen dangin Inna, sai ga wani mai keke jiƙe da laka har gwiwa. Ya ce motar Alhaji ta kafe a fadama bayan Dangoma, ruwa ya shiga injin, Malam na zaune a gindin giginya, kuma an ce ayarinsu ba zai kwana a Sakkwato yana jiran kowa ba.

Makulli kawai ka ɗauka.

Har yau ina ganin Malam yadda muka same shi: zaune a kan akwatinsa na ƙarfe, buta a gefe, carbi a hannu, bakin rigarsa ya sha laka. Tsakaninmu da shi ruwa ne ja yana tafiya a hankali. Ka naɗe wando ka shiga da ƙafa, kana taka ƙasa kana neman inda take da tauri. Ka dawo ka sa mu da manoman da suka taru mu hau baya don mota ta yi nauyi. Ka sa giya ta ɗaya, ka yi bisimilla, ka shiga. Ruwa ya kai ƙasan ƙofa, baya ya yi ta wutsil-wutsil, laka na feshin fuskokinmu, amma injin bai ko yi tari ba. Da tayoyin gaba suka kama tudu, mutanen da ke baya suka ɗauki kabbara.

Ka sauka ka durƙusa a gaban Malam, ka ce ga abin hawa in ya yarda. Ya daɗe yana kallon motar da idon nan nasa mai rauni. Sannan ya miƙa mini buta, ya ce in riƙe masa, ya dafa kafaɗarka ya tashi.

Kafin mu wuce sai da ka ɗaura igiya ka jawo motar Alhaji Manu zuwa tudu. Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai sauƙin kai. Yana tsaye da babbar riga a kafaɗa yana ta dariya, ya ce a shaida, yau bakinsa ya ja masa.

Ina baya tare da akwatin, amma gilashin tsakiya a buɗe yake, na ji abin da ya gudana. Muka kama hanya har muka wuce Birnin Kebbi. Can sai Malam ya shafa ƙofar da ke gefensa, ya ce, "Wanga wuri, kai ka yi shi?" Ka ce ƙofofi da shimfiɗar ƙasa aikin sashenku ne, amma injin daga waje yake zuwa, ku ɗaurawa kuke yi. Na ɗauka zai ce ashe ba ku iya komai ba. Sai ya ce, "Ni ma ranar da na fara karatu, ba ni na rubuta allon ba."

Mun iske ayari ana kiran suna. Da ya dawo daga Makka, a bayan motarka aka zagaya da shi Gwandu, kuma duk wanda ya zo barka sai ya gaya masa ɗansa ne ya haɗa ta. Alhaji Manu bai rufa shekara ba ya sayi irinta.

Sauran ka san shi, don a gabanka aka fara. Aiki ya ja baya a masana'antar, aka sallami abokanka kashi-kashi, kai ma ka dawo gida da motar da akwatin kayan aikinka.

Makon jiya na zauna a garejin wani makaniki a Kalgo, masu motoci sun taru suna jiran gyara, zance ya faɗa kan motocin haɗin gida. Wani malamin makaranta ya ce motarsa ta Kwatano ta fi daɗewa a gareji a kan titi, don an yi ta ne saboda hanyar da ba tamu ba. Wani tsohon ma'aikaci ya ce ranar da manya suka daina hawa haɗin gida, ranar abin ya fara mutuwa. Wani direba ya ce shi dai a bar shi da ta waje, tana da sanyi, ba ta shan mai. Ban ga laifinsa ba. Amma da wani matashin ɗan kasuwa ya ce ai mu ba mu taɓa haɗa abin kirki ba, labari ne kawai na tsofaffi, sai na ce su jira ni.

Yaya, motarka tana nan. Fenti ya koɗe, kujera ta sha faci, amma murɗa makulli ɗaya ta amsa. Na biya na ɗauki matarka, Hajiya Luba, na zaunar da ita a gaba. Muka tsaya a bakin garejin, duk suka miƙe, makanikin ya ajiye aikinsa ya zo ya buɗe gaba yana nuna wa yaransa. Matashin nan ya leƙa ƙasa, ya leƙa ciki, ya tambayi shekarunta, na ce ta girmi auren mahaifinsa. Shi ya fara hawa baya, sauran suka bi shi, na zaga da su kasuwa. Da na ɗan taka mai, Hajiya ta taɓa hannuna ta ce, "Umaru, tafi sannu, bari su gani da kyau."

Na tafi sannu, Yaya. Sun gani.

Allah Ya jiƙanka, Ya jiƙan Malam da Inna, Ya haskaka kaburburanku. Allah Ya sa gumin da ka zubar ya zama nauyi a mizaninka, Ya kuma tayar mana da masu hannu irin naka a cikin jikokinmu. Idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.

Ni ne ƙanenka mai alfahari da kai,
Umaru