Ran Talata a Layin Magani

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna, da yara? Ni lafiyata lau, aiki sai godiya.

Kin san a asibiti an koya mana danna ƙirji don farfaɗo da zuciya, a kan mutum-mutumin roba. To, ran Talata na yi wa mutum. Wani dattijo ne ya yanke jiki ya faɗi a layin karɓar magani. Na taɓa wuyansa, shiru. Na yi ta dannawa, abokiyar aikina tana ba shi iska. Na ji haƙarƙarinsa ya karye a ƙarƙashin tafina, ban tsaya ba, haka aka koya mana. Can likita ya ce, "Ya isa, ya cika."

Na wanke hannu, na ci abincina tas. Har yau ban yi kuka ba, ban ji komai ba. Kada ki gaya wa Inna.

Jiya matarsa ta zo, ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, ya ji zafi?" Na ce a'a. Ban sani ba, Yaya.

Ki sa ni a addu'a. Gobe da safe ina da aiki.

Ƙanwarki.