Maɓallin da Baba Bai Danna Ba

Zuwa ga ƙanena Wendell,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Darlene da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ka a kan tekun nan na Alaska. Mu nan kalau muke. An gama girbin alkama, Goggo Bernice kuma ta warke daga aikin ƙugun da aka yi mata, har ta koma yi wa kowa faɗa.

Labarin da zan ba ka ba mai daɗi ba ne. Baba ya faɗi zaɓen fid da gwani ranar Talata. Shekara ashirin da biyu yana majalisar jiha, sai ga Trey Hollis mai sayar da motoci, wanda Baba ya koya wa Littafi Mai Tsarki a coci, ya kayar da shi da ƙuri'a ɗari da arba'in. Ina so ka ji dalilin daga bakina.

Ka san yadda suke yi a zauren majalisar. Kowa da maɓallan ƙuri'arsa a tebur, kore na amincewa da ja na ƙi, in mutum ya fita sai maƙwabcin kujerarsa ya miƙa hannu ya danna masa. Ƙa'ida ta hana, amma kowa na yi. Baba da maƙwabcin kujerarsa Merle Dunaway sun fi shekara goma sha biyar suna yi wa juna haka. Ranar da asibiti suka kira cewa jikin Mama ya rikice, Baba ya fice ko hularsa bai ɗauka ba, balle ya sanar da magatakarda. Bayan fitarsa aka kawo ƙudurin ƙarin harajin fetur. Merle yana so saboda hanyoyin yankinsa, hankalinsa kuma a tashe, ya danna kore a teburinsa, ya danna kore a na Baba. Baba, wanda ya rantse tun muna yara ba zai taɓa ƙara wa talaka haraji ba! A daidai lokacin yana riƙe da hannun Mama, ni ina gefe.

Trey ya buga hoton allon ƙuri'ar ya aika kowane gida. Tsofaffin da suke shan kofi da Baba kowace safiya suka fara ce masa babban birni ya cinye shi. Wani ma ya tambaye shi ko ya shiga sabuwar jam'iyya ne. Na yi kuka, na roƙe shi ya faɗi gaskiya. Merle da kansa ya zo gida idonsa jawur, ya ce zai je gidan rediyo ya tona kansa, ko da kujerarsa za ta tafi. Baba ya ce masa ya zauna ya ci wainar tuffa ya daina shirme, ai shi ma ya sha danna masa.

Na yi fushi da shi ƙwarai, Wendell, ba zan ɓoye maka ba. Jiya muna cire allunan kamfe daga bakin hanya na ce masa ya zubar da sunansa saboda Merle. Sai ya ce ba don Merle kaɗai ba ne. In ya ce ba ya zauren, za a tambaye shi ina yake, za a tausaya masa, zai kuma ci zaɓen. Ya ce gara a kira shi maƙaryaci da ya nemi ƙuri'a da ranar da matarsa ta rasu.

Ka kira shi ranar Lahadi bayan coci, amma kada ka nuna na faɗa maka. Ka gaida Darlene, da Opal, da ɗan autanku Russ. Goggo Bernice da mijina Hoyt suna gaishe ku.

Yayarka mai kewarka,
Loretta