Hannun Kaka a Tanja

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Baba? Ya ƙanena Bihi? Na sauka Tanja. Ina lafiya, wanki ne kawai ya tsattsaga mini hannu. A aiko mini da man argan.

Inna, ji ikon Allah! Uwar ɗakina, Lalla Zuhur, tana tara tsofaffin layun azurfa masu siffar hannu. Jiya ina goge su sai ga na Kaka, wanda aka sayar shekarar fari, har da shatin haƙoran Bihi a ƙaramin yatsa! Na ruga na nuna wa Lalla.

Lalla ta rataya mini shi, ta ce, "Riƙe abinki, 'yar nan, ke yake jira."

Kin yi ta kuka wai na tafi inda ba ni da kowa. Ashe hannun Kaka ya riga ni isowa.

'Yarki,
Ijja