Dubu Casa'in da Tagar Alhaji Sanda

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
Na kwashe buhun masara na ƙarshe daga ɗakin da na kama haya a bayan tashar Funtua, na share, na kai wa Alhaji Sanda makullinsa. Na ce to Alhaji, saura dubu casa'in ɗina na ajiya. Tun Nuwamba ya karɓa, ya ce na ɓarna ne, in na bar ɗaki lafiya zai mayar mini. Ya kaɗa makullin a yatsa ya ce, "Wane kuɗi kuma? Je ka dubi tagata." Na gaya masa magana a gaban mutane. Ba zan rubuta ta a nan ba.

Kuɗin takin gonar Inna ne a Ƙarfi, buhu biyu. A cinikin masarar faɗuwa na yi, farashi ya karye. Ba ni da wani abin bayan wannan.

Laraba, 7 ga Mayu
Na wuni ina karatu a waya. Mai gida ba shi da ikon haɗiye kuɗin ajiya gaba ɗaya, sai dai ya cire daidai ɓarnar da ya nuna. Kuɗin kuwa ta banki na tura masa, alat ɗin na nan. Saƙon muryarsa ma na nan, yana cewa "amana ce, Kamalu." Amana!

Alhamis, 8 ga Mayu
Maganar taga, tunda ba mai karanta wannan sai ni. Kowa da laka yake liƙe tagar ɗakin hatsi don kada maganin ƙwari ya fita. Ni na karanta cewa laka tana tsagewa, sai na sa siminti, ta ciki. Ƙwaro ko ɗaya bai ci ba kam. Amma da na zo ɓallewa da guduma ƙarfen ya lanƙwashe, bangon ya ɗan dare. Na shafe. Ba wanda ya gani. Kuma ai dama tagar ta tsufa, duk tsatsa.

Asabar, 10 ga Mayu
Na je wurin Mansur, abokina mai buga takardu a bakin kotu. Na ce ofishin 'yan sanda zan kai shi. Ya yi dariya har da tari. "Ɗan boko na waya, wannan ba sata ba ce, bashi ne. Za su ci na mai a hannunka su ce ku je ku sasanta." Ya lissafo mini: takardar neman haƙƙi da wa'adin kwana bakwai, in ya ƙi sai mai unguwa ko Hisba, in ya ƙi sai kotu, ba sai da lauya ba. Na miƙa masa wasiƙar da na rubuta, shafi uku. Ya soke "azzalumi" sau huɗu, ya bar mini layi shida. Ya ce alƙali kwanan wata da adadi yake nema, ba zafin kaina ba.

Litinin, 12 ga Mayu
Na kai takardar. Ya sa ta ƙarƙashin faranti ya ci gaba da cin wainarsa.

Juma'a, 16 ga Mayu
Ruwa mai ƙarfi ya sauka, an yi shuka a Ƙarfi. Inna ta bugo, "Ɗan nan, ka dai rage bakin nan, sa'an ubanka ne." Na ce sa'an ubana ya ci kuɗin takinki. Ta ce sati uku ne dai masara take jiran taki.

Talata, 20 ga Mayu
Wa'adi ya cika, ko gaisuwa. Ni kotu nake so, ya tsaya a akwati kowa ya gan shi. Mansur ya ce sammaci, zama, ɗage zama, kafin a yanke hukunci masarar Inna ta yi ja. Na zage shi. Daga baya na je na gaya wa mai unguwa. Ya sa Lahadi bayan la'asar.

Lahadi, 25 ga Mayu
Zauren mai unguwa, mu shida har da liman. Na kunna saƙon muryar, Alhaji ya ji kansa yana cewa amana, ya hau gyaran hula. Na nuna alat. Da aka tambaye shi rasidin gyara, babu. Shaidar cewa tagar lafiyarta lau kafin in shiga, babu. "Ranka ya daɗe, yaron nan fa ba shi da kunya," shi ke nan hujjarsa. Mai unguwa ya ce rashin kunya ba a cire masa kuɗi, in ana cirewa da rabin Funtua sun talauce. Har liman ya dara.

Sai mai unguwa ya juyo kaina. Ya ce tunda Alhaji ba shi da shaida, in rantse cewa yadda na sami tagar haka na bar ta, a ba ni casa'in ɗina a tashi. Liman ya miƙe zai ɗauko Alƙur'ani, aka ce in je in yi alwala.

Na yi alwalar. Na dawo na tsuguna. Na ji bakina yana cewa siminti na sa.

An kira magini ya je ya duba, ya ce dubu talatin. Alhaji ya ce hamsin, mai unguwa ya ce talatin aka ce. Alhaji ya turo sittin nan take, aka rubuta, muka sa hannu.

Litinin, 26 ga Mayu
Mansur ya ce bai taɓa ganin wanda ya ci shari'a ya mayar da kashi ɗaya cikin uku da kansa ba. Na ce ya rufe mini baki.

Talata, 3 ga Yuni
Ƙarfi. Buhu ɗaya da tiya shida na taki na samu. Ya kai har wajen tsamiya, kunyoyin bakin rafi ba su samu ba. Tun safe nake jidar takin awaki da baro, bayana kamar zai karye. Inna ta tambayi ina sauran kuɗin. Na shirya cewa Alhaji ne ya cinye. Na ce mata taga na fasa. Ta dube ni, ta ce in ci abinci tukuna. Gobe saura kunya goma sha ɗaya.